Lambar da Ke Wutsiyar Jirgin Malam Chen

Guangzhou, watan Maris

Zuwa ga Yaya Saffana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Abdulbaƙi da yara. Ya jikin Inna? Ki tabbata tana shan maganin hawan jinin nan, kin san ta da ɓoye shi a ƙarƙashin filo. Ni lafiyata lau, karatu kuma yana tafiya. Damuwata ɗaya ruwan sama. Garin nan a wannan watan har bangon ɗaki gumi yake yi, in ka yi wanki sai ya yi wari bai bushe ba.

Kin ce saƙon murya na minti ɗaya ba zumunci ba ne. To ga takarda. Hajiya Zalika, 'yar kasuwar nan da ke zuwa sarin kaya a nan, za ta taso Kano da kayanta, ta ce za ta aiko miki da ita daga Kwari.

Kin tuna Alhaji Maidaji, na bayan masallacin unguwarmu, wanda yake zama da marigayi Baba? Na haɗu da shi a gidan abincin 'yan Arewa a unguwar Sanyuanli bayan sallar Juma'a. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta cewa ɗana, ɗana. Da ya ji injiniyan injuna nake karanta sai ya ce Allah ne ya kawo ni, domin ya sayi wani abu yana neman mai ido da Sinanci a baki.

Yaya, jirgin sama ya saya! Ƙarami ne, mai kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wani tsoho ne, Malam Chen, ya ƙera shi da hannunsa bayan ya yi ritaya daga masana'antar injin jiragen ruwa. Ya yi masa rajista, ya sha tashi da shi daga wani ɗan fili a bayan gari. Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, shi ne 'ya'yansa suka matsa masa ya sayar. Jirgin yana wani sito can gaba da unguwar Baiyun, tsakanin gonakin ayaba da tafkunan kifi. Ranar da muka je tsohon ya zagaya da ni, yana nuna mini kowace kusa yana gaya mini shekarar da ya buga ta. Ya kasa faɗin sunana, sai ya yanke shi ya koma Ma. A yarensu doki ke nan, yana faɗa yana dariya.

Alhaji ya ce makarantar koyon tuƙi zai buɗe a gida, Malam Chen kuwa abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Aikina kaɗan ne: in yi tafinta, in goge lambar China da ke wutsiya da ƙarƙashin fiffike, in rubuta ta Najeriya, sannan mu kwance shi mu sa a kwantena. Ranakun da babu aji kawai zan riƙa zuwa.

Na sako wa Inna man zafin nan mai hoton damisa. Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Ma'azu

*

Kano, watan Afrilu

Ma'azu ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, har na karanta wa Inna ita sau biyu. Jikinta da sauƙi, ta ce man ya yi mata, ta ce kuma Allah ya yi wa Alhaji Maidaji albarka da ya tuna zaman da suka yi da Baba. Yara suna gaishe ka. Ƙaramar ta cire haƙori, tana ta yawo da shi a ƙunshe wai sai ka gani.

Ni dai ban ji daɗin maganar jirgin nan kamar yadda Inna ta ji ba. Abdulbaƙi ya ce shekara da shekaru Alhaji Maidaji bai zauna a shagonsa na Kwari ba, ƙaninsa Kallamu ne a ciki, shi kuwa kullum yana hanyar Zamfara, ba wanda ya san takamaiman abin da yake kai wa ko yake kawowa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a atamfa da leshi, me ya haɗa shi da makarantar tuƙin jirgi?

Kuma ina tambayarka, bizar karatu ta yarda ka yi wa wani aiki? Kai ka gaya mini da bakinka cewa a can ko abinci ka sayar a ɗaki sai su kore ka. Saura shekara ɗaya ka gama. Baba bai ga wannan rana ba, ina so Inna ta gani.

Abu na ƙarshe. Ko Keke Napep aka canza wa lamba a nan sai an je ofis. Wa ya ba Alhaji lambar da za ka rubuta? Ka tambaye shi cikin ladabi, ka gaya mini amsar.

Kada ka hau abin nan ko da wasa. Na san ka, tun kana ƙarami ba ka ganin abu mai inji ka ƙyale shi.

Yayarka,
Saffana

*

Guangzhou, watan Afrilu

Yaya Saffana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, Inna ma haka. Ni jikina lafiya, amma abinci ba ya shiga. Wannan takardar kada ki karanta wa Inna. Kada kuma ki yi mini maganar a waya, ko a rubuce ko da murya.

Da takardarki ta zo na riga na yi aikin. Na sa samfefa na goge harafin B na China da lambobin da ke bin sa, na fesa fari. Alhaji ya nuna mini hoton wani jirgi a wayarsa, fari mai jan layi daga hanci zuwa wutsiya, ya ce haka yake so nasa ya koma. Ya ba ni 5N, alamar Najeriya, da haruffa uku a 'yar takarda, na yanka su a kwali na fesa. Ya yi kyau, har na tsaya ina kallon aikina.

Sai na yi masa tambayarki. Na ce, Alhaji, a yadda aka koya mana, Malam Chen ne zai fara rubuta wa hukumar jiragen sama ta nan su soke rajistarsa, sannan hukumar gida ta ba da lambar da babu mai ita. Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, karatu ya yi maka yawa. Wannan duk an gama shi a Abuja."

Ban yarda ba. Na je laburaren makaranta na nemi lambar a intanet. Yaya, lambar tana da mai ita. Ta wani ƙaramin jirgi ce na wata ƙungiyar likitoci, wanda yake kai su ƙauyukan da mota ba ta shiga, yake ɗauko matan da naƙuda ta zo musu da gardama. Ga hotonsa nan, fari mai jan layi. Shi ne wanda Alhaji ya nuna mini.

Kwana kaɗan bayan haka ya zo siton da wasu mutum biyu. Na yi musu sallama, ɗaya ne ya amsa, shi ma a ciki-ciki. Ba su tambayi yadda ake koyar da ɗalibi a jirgin ba. Abin da suke so su sani, nauyin da zai iya ɗauka, da ko zai sauka a busasshiyar fadama, da nisan da ake jin ƙararsa. Suka ce a cire kujerar baya a sa wani tankin mai. Na ji suna maganar ramukan zinare da wasu "yaranmu na daji". Ina tsugune a ƙarƙashin fiffike ina jin su.

Ki duba abin. In aka ga wannan jirgi yana sauka a daji, wa za a ce? In sojoji suka ji labari suka harbo na gaskiyar da likitoci a ciki, hannun wa ya rubuta lambar?

Akwai wani ɗan farantin ƙarfe da aka kafe da kusoshi kusa da wutsiya, wanda ko wuta ba ta cin sa. A jikinsa aka buga sunan Malam Chen da lambar asali. Alhaji ya sa an yi sabo, ya ce in huda tsohon in cire. Na ce masa bakin injin hudar ya karye, sai na sayo wani. Ƙarya na yi, kuma ba za ta daɗe ba.

Fasfona yana hannunsa. Ya karɓa tun farko, wai za a yi takardun kwantena da shi tunda ni nake da adireshi a garin. Na ba shi ban yi tunanin komai ba.

Asabar ta ƙarshen wata ya ce ni zan tashe shi a gaban mutanen nan kafin mu kwance fikafikan. Ban taɓa yi ni kaɗai ba.

Ki yi mini addu'a. Zan nemi mafita.

Ma'azu

*

Kano, watan Afrilu

Ma'azu,

Muna lafiya, Inna lafiya, ba ta san komai ba. Ban iya tsayawa doguwar gaisuwa.

Kai ne za ka tashi da jirgi? Kai da ko mota ba ka gama iyawa ba? Jirgin da tsoho ya haɗa a bayan gida, an cire masa kujera an ɗura masa mai? Na karya maganarka na kira ka, na sake kira, na tura saƙo, bai ma shiga ba. Asabar ɗin tana ta matsowa, Abdulbaƙi kuma ya tafi Legas aiki.

Sai na sa mayafi na tafi Kwari wurin Kallamu, ƙanin Alhaji. Na ce a raina, waɗannan mutanen sun ci abinci a gidanmu, in na roƙe su ba za su ƙi ba. Na same shi yana auna wa wata mata yadi. Na jira ta tafi, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Kallamu, don Allah ka kira Alhaji ka ce kada ya sa Ma'azu ya tuƙa jirgin nan. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna."

Ya yi dariya, ya ce, "Wane jirgi kuma, Saffana? Na ruwa?"

Na ce, "Na sama. Wanda aka sa wa lambar jirgin likitoci."

Wallahi maganar tana fita na so in kamo ta. Ya ajiye almakashi. Ya ce wa masu taya shi su je su ci abinci, ya jawo labulen shagon. Ya ce, "Zauna. Wa ya gaya miki wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "A waya ya faɗa miki ko a rubuce? Mijinki ya sani? Wa kuma ya sani?" Muryarsa a hankali, kamar mai tambayar lafiyar yara. Na ce ni kaɗai ce, kuma ban fahimci komai a ciki ba. Sannan ya ce, "Je ki gida. Ma'azu ɗanmu ne, babu abin da zai same shi in dai ya kama bakinsa. Ke ma haka."

Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Na hau adaidaita na wuce layinmu ban lura ba.

Ma'azu, na yi ɓarna, na sani. Ina tura wannan ta hannun wani ɗan kasuwar waya da zai tashi gobe, don ta riga su zuwa wurinka, ko da yake na san waya ta fi takarda sauri. Ka yafe mini. Duk abin da za su yi, kada ka hau jirgin nan.

Saffana

*

Guangzhou, watan Mayu

Yaya,

Ina da rai, ina lafiya. Allah ya sa ku ma haka.

Inji nake nufi! Tada inji, a ƙasa, tayoyi a tokare, wutsiya a ɗaure da igiya. Su dai su ji yana aiki. Wa zai bar ni in tashi sama a ƙasar nan, inda ko ɗan jirgin wasan yara sai da izini? Laifina ne da na rubuta shi a haka. Wayar kuma, lokacin baje-kolin kasuwa ne, sun toshe hanyar da muke bi muna shiga WhatsApp, kowa yana kuka da ita.

Takardarki ta zo a makare. Kafin ta iso Alhaji ya riga ya kira ni otal ɗinsa a titin Liuhua Lu. Ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce in ba shi wayata, ya bi saƙonnina ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba, ya ajiye ta a gefensa. Sai ya ce, "Ashe marubuci ne kai. Mahaifinka ma haka yake, mai son takarda."

Ya ce, "Yayarka tana da kirki. Har yanzu tana gidan nan mai koren ƙyaure? Na ji yaranta suna Islamiyyar bakin titi, da la'asar suke tasowa su kaɗai. Hanyar nan akwai motoci." Yana faɗa yana juya cokali a kofi. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Ya ce takardun kwantenar duk da sunana aka yi su, ni ne mai fitar da kaya, an rubuta kayan injin ban-ruwa ne. In abu ya tashi a nan, ni za a kama, shi baƙo ne mai yawon kasuwa. In kaya suka isa lafiya zai miƙo mini fasfona in ci gaba da karatuna.

Washegari ya tsaya a kaina na huda kusoshin farantin, na kafa sabon. Tsohon ya faɗi cikin ƙurar ƙasa, na taka shi, da ya juya baya na sa a aljihu. Ban san me ya sa na yi ba. Na tada musu injin ma, ya tashi lafiya, suka yi ta gyaɗa kai.

Ki daina barin yara su tafi Islamiyya su kaɗai. Ki gaya wa Abdulbaƙi komai. In da hali ku ɗauki Inna ku koma gidan iyayensa na ɗan lokaci, ki ce mata gyaran rufi za a yi.

Sati mai zuwa motar kwantena za ta zo. Akwai abu ɗaya da nake tunanin yi, ba zan rubuta shi ba. In kin ji shiru kada ki je wurin kowa. Don Allah, Yaya, kowa.

Ma'azu

*

Kano, watan Yuni

Ƙanena,

Ban san hannun da wannan takarda za ta faɗa ba, don haka zan taƙaita. Muna lafiya. Mun koma inda ka ce. Maigida ya san komai, shi yake kai yara ya ɗauko su.

Na ji shirun, kuma ban je wurin kowa ba. Amma shirun ya yi tsawo. Hajiya Zalika ta je ta dawo hannu wofi. Ta ce ta je gidan da kake haya, ta tarar da ɗakinka a kulle da wata takarda mai jan hatimi a manne a ƙofa. Ta tambayi mai gidan, ya yi ta kaɗa hannu yana cewa meyo, meyo, wato babu. Wani ɗan Nijar da kuke aji ɗaya ya ja ta gefe ya ce 'yan sanda sun zo sun kwashe littattafanka da kwamfutarka, malamai kuma sun hana a yi maganarka. Ta tambaye ni me ka yi, na ce ban sani ba.

Kallamu ya rufe shago. An ce ya tafi Umara, amma akwai wanda ya gan shi a Gusau. Maƙwabciyarmu ta ce wasu sun zo sun ƙwanƙwasa gidanmu suna tambayar inda muka koma.

Inna tana tambaya me ya sa ba ka kira. Na ce jarrabawa. Jiya ta ce, "Jarrabawar nan ba ta ƙarewa ne?" ta tsura mini ido. Na tashi na shiga madafa na kunna famfo don kada ta ji ni.

Kullum ina tuna cewa da na zauna a gida ranar nan, da yanzu ka gama aikinsu sun ba ka fasfonka. Sai kuma in tuna abin da za a yi da jirgin. Ban san wanne zan roƙa ba, sai in ce Allah ya fitar da kai kawai.

In kana iya rubutu, ko layi ɗaya ne.

Saffana

*

Guangzhou, watan Yuli

Yaya Saffana,

Assalamu alaikum. Na fito. Ina lafiya, na rame kawai. Ina zaune a ɗakin abokina ɗan Nijar ɗin nan, shi ya ba ni takardarki. Ki gaishe da Inna da maigida da yara, ki ce wa maigidan ina gode masa.

Ga abin da ya faru. Ana gobe motar kwantena za ta zo, na fito da safe kamar zan tafi aji, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi ta sauya layi ina waiwaye, har na sauka a unguwar Liwan. Gidan Malam Chen yana cikin wani tsohon lungu, sai ka sunkuya wa shanyar mutane kafin ka kai ƙofarsa. Na same shi da singileti yana ba tsuntsunsa abinci. Ya ce, "Ma! Jirgin ya tafi makaranta?" Na ciro farantin na ajiye a kan teburinsa.

Ya ɗauka ya kai dab da idonsa, ya shafa sunansa da yatsa. Na gaya masa komai da guntun Sinancina, inda na kasa na yi da hannu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Kai ka goge lambar?" Na ce ni ne. Ya ce, "Me ya hana ka zo kafin ka goge?"

Ya shiga ɗaki ya sa riga mai maɓalli, ya ɗauko takardun jirgin. Na ce masa in muka je wurin 'yan sanda ni za a kama, kuma za a taɓa iyalina a gida. Ya ce, "Ni ma za a kama ni. Jirgin har yau da sunana yake." Ya riƙe wuyan hannuna, bai sake ni ba har muka shiga ofishin.

Sun tsare ni. Ba su doke ni ba, amma tambaya ɗaya sai su yi ta sau ashirin ta bakin tafinta, a ɗaki marar taga. Sunana ne a takardun, fentin yana ƙarƙashin farcena, hotona yana kyamarar siton. Akwai ranar da tafintan ya gaya mini shekarun da ake yanke wa mai irin wannan laifi, na roƙi a bar ni in yi sallah, na yi sujada na kasa ɗagowa. Daga baya na ji Malam Chen yana zuwa kullum ya zauna a bencin waje, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yaron da ƙafarsa ya zo.

Sun kama kwantenar a bakin sito, da direban da ɗaya daga mutanen nan biyu. Alhaji kuwa kafin su isa otal ya bar ƙasar. Fasfona suka tarar a cikin kwandon shara na ɗakinsa.

Sun yarda ba ni na shirya abin ba. Amma na yi aiki da bizar karatu, na kuma taɓa lambar jirgi ba da izini ba. An soke mini izinin zama, makaranta ta cire sunana, an ce in bar ƙasar kafin ƙarshen wata. Karatun ya tafi, Yaya. Na je na kwashe kayana daga ɗakin gwaji, 'yan ajinmu suna zana aikin shekarar ƙarshe, ba wanda ya ɗago.

Jirgin yana hannun hukuma, ba za su mayar wa tsohon ba. Shi ma an ci shi tara don ya miƙa shi bai soke rajista ba. Na je yi masa sallama. Ya karɓi gaisuwata a bakin ƙofa, ya ce in gaishe da mahaifiyata, bai ce in shigo ba. Ban ga laifinsa ba.

Sun ce sun aika wa hukumomin gida bayani. Ban san abin da zai biyo baya ba. Ki gaya mini gaskiyar yadda Kano take kafin in yanki tikiti. Kuma me zan ce wa Inna?

Ƙaninki,
Ma'azu

*

Kano, watan Yuli

Ma'azu ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa, sai Abdulbaƙi ne ya ƙarasa mini sauran. Duk muna lafiya.

Kada ka sauka a Kano. Alhaji Maidaji yana gari.

Ranar Juma'a ya zo har gidan surukaina, ban san wanda ya nuna masa ba. Ya zo da kwandon lemo, ya ce ya zo duba jikin matar amininsa. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida. Inna ta fito da murna, tana ta sa masa albarka saboda ya riƙe mata ɗa a ƙasar mutane. Ni na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya ce, "Saffana, yaushe ɗan namu zai dawo? Ki gaya mini ranar, ni zan je filin jirgi in ɗauko shi." Na ce ban sani ba tukuna. Ya sha ruwan ya tafi.

Abdulbaƙi ya yi magana da Kawu na Maradi. Ka yanki tikitin Yamai, Kawu da kansa zai tarbe ka, ka zauna a wurinsa har mu ga abin da hukuma za ta yi da bayanin da aka aiko. Kada ka gaya wa kowa a can ranar tashinka, ko Hajiya Zalika.

Batun Inna kuwa, ba sai ka ce komai ba. Bayan mutumin ya fita na kasa riƙewa, na durƙusa a gabanta na gaya mata tun daga farko har zuwa korarka. Na ajiye maganinta kusa don ina tsoron jinin. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi kuka ba. Ta sa aka ɗauki kwandon lemon aka kai bakin titi aka ajiye. Ta yi alwala, ta daɗe a kan sallaya.

Da ta idar ta kira ni ta ce, "Matan nan masu naƙuda, jirginsu yana nan yana zuwa ɗaukarsu?" Na ce yana nan. Ta ce, "To ɗauko biro. Ki ce masa na yafe masa karatun. Ki ce ya taho a hankali, ni zan je Maradin in same shi."

Yayarka,
Saffana